Satin Da Na Karɓi Aikin Jar Kaza

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, 'yan ajinmu sun yi alkawarin za su riƙa tuna mini har in yi jikoki. Amma kafin in kai ku ga Larabar sai na fara ba ku labarin Inna da zabinta, don duk wahalar da na sha daga nan ta samo asali.

Inna kakata ce, ita ta haifi Babanmu. Ciwon gwiwa ne ya rabo ta da ƙauye, Baba ya ɗauko ta ya kawo ta gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi don ta fi kusa da asibitin koyarwa. Ranar tahowa ta yarda ta bar gadonta da tukwanenta da ƙawayenta na shekara da shekaru, amma ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta shiga mota ba sai da zabinta: zabo ɗaya, zabuwa biyu. Wai irin na mahaifiyarta ne, tun tana yarinya irin bai taɓa yankewa a hannunsu ba.

To, tsakar gidanmu in ka shimfiɗa tabarma uku ya cika. A ciki kuma da kajin Mama, bayin Allah masu ladabi, waɗanda ana kiran magariba za su jera su shige akurki ba tare da an ce musu komai ba. Sai ga zabi. Wanda bai taɓa zama gida ɗaya da zabo ba, ya gode wa Allah ya ƙara. A satin farko suka fige wa zakaranmu jela, har ya koma yin cara a ɓoye a bayan buhun gawayi. In an watsa tsaba su ne farko, in an zuba ruwa a kasko su ne farko, kaji sai dai su tsaya gefe kamar baƙi a gidan ubansu. Akurki kuwa sun ce ba ajinsu ba ne, a kan tankin ruwa suke kwana. Ga kuka. Leda ta gifta, kuka. Mai ruwa ya yi sallama, kuka. Babu abin da ya faru, kuka, don a san suna nan.

Wa aka ɗora wa kula da su? Ni. (A gidanmu duk aikin da ba shi da mai shi, sunana ne a jikinsa.) Kullum na dawo daga makaranta ko takalmi ban cire ba za a ce, "Zabin Inna sun tsallaka." Na san katangar kowane gida a layinmu fiye da magininta. Maƙwabciyarmu kuma, wadda muke kira Anti Nas, aikin dare take yi a asibiti, da rana take barci. Sai ka ji muryarta ta kan katanga: "Don girman Allah ku ji tausayina! Marasa lafiya da dare, zabi da rana, ni yaushe zan mutu in huta?"

Birni bai karɓi zabin nan ba. Zabuwa ɗaya ta tashi wata safiya ta nufi wajen Tarauni, har yau ba ta aiko da saƙo ba. Ɗayar, da damina ta sauka, ta riƙa sulalewa tana zuba ƙwai a cikin ciyawar wani kango a bayan gidanmu. Inna ta koya mini yadda ake kwasowa: da ludayi mai dogon hannu, ba a sa hannu, kuma a bar mata ɗaya a gurbin, in ba haka ba ta canza wuri. Ana cikin haka mai adaidaita sahu ya bi ta kanta a bakin layi. Zabon da ya rage shi kaɗai ya hau tanki ya buɗe maƙogwaro, safe da rana da yamma, har Baba ya gaji da ba Anti Nas haƙuri ya sa masa wuƙa. Ranar kowa ya sha romo ban da Inna. Ta juya fuska bango ta ce ba ta jin yunwa.

Abin da ya rage mata a duniya na irin mahaifiyarta shi ne ƙwai tara a cikin ƙwarya, a ƙarƙashin gadonta.

Sai aka ba ta gado a asibiti za a yi mata aikin gwiwa. Da safen da za su tafi, Baba yana waje da mai adaidaita, ta kira ni.

"Ke ja'ira, zo nan. Kin ga jar kazar uwarki ta fara kwanci?"

"Na gani, Inna."

"Ki kwashe nata ƙwan ki zuba mata waɗannan. Zabuwa ba ta iya reno ba, tun asali kaza ake ba. Amma buɗe kunnenki da kyau: kada ki haɗa mata da ƙwan kaza ko ɗaya."

"Saboda me?"

"Saboda na ce. Ke komai sai an yi miki tafsiri?"

Aka yi ta danna oda a waje, aka tallabe ta aka fita. Mama ta bi su da fulas da tabarma, don ita za ta yi jinya.

Na tsuguna gaban akurki na yi wani lissafi da a lokacin na ɗauka ko malamin jami'a sai ya sara mini. Kaza dai kwanciyar nan za ta yi, ko ƙwai tara ko goma sha uku, duk zama ɗaya ne. In mai adaidaita yana da sauran wuri, ai ba ya wuce fasinja. Don haka na zuba mata na Inna tara, na mayar mata da nata guda huɗu, da niyyar in sun ƙyanƙyashe su zama nawa, in kiwata, in sayar, in sayi waya. Har kalar wayar na zaɓa. Na ce a raina tsofaffi dai da camfi suke.

Bayan sati uku, ranar Juma'a, na dawo daga makaranta na tarar da jar kaza tana zagaya tsakar gida da 'yan tsaki huɗu a bayanta, tana taƙama kamar uwar amarya. Na yi tsalle na yi guɗa. Sai na leƙa akurki. Ƙwan Inna tara suna nan jere, ko tsagewa babu wanda ya yi, kuma babu kowa a kansu.

Na kama kazar na mayar da ita, ta fito. Na sake mayarwa na kifa mata kwando na ɗora dutse, ta tsaya a tsaye a kan ƙwan tana zagina da yarensu, 'ya'yanta suna ihu a waje. Na roƙe ta. Wallahi na roƙi kaza, har da "don Allah don Annabi". Ta dube ni da ido ɗaya, ta juya ta dube ni da ɗayan, ta yi kashi.

Na lulluɓe ƙwan da tsumma na bazama neman aron kaza mai kwanci. Gida-gida na bi a layinmu. Wata ta ce tata jiya ta tashi, wata ta ce nasu na gidan gona ne ba su san kwanci ba, wata tsohuwa ta ce tun da take ba ta taɓa jin an zo aron kaza kamar turmi ba. Ƙarshe na dangana da wani mai sayar da kaji a kasuwar Tarauni, na zayyana masa komai. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"'Yammata, ai ƙwan zabo ya fi na kaza daɗewa da kusan sati guda. Kaza kuwa da ta ji 'ya'ya a ƙarƙashinta ta gama aiki. Wa ya ce ki haɗa?"

"Babu."

"To ki samu abin da zai ba su ɗumi, kada su huce. In sun huce, sai dai a soya, soyawar ma ba za ta ciwu ba."

Na dawo gida ina tunanin ɗumi. Wutar lantarki a layinmu baƙuwa ce, in ta zo ma gaisawa kawai take yi ta wuce. Fitila na ji tsoron ta dafa su. Rana kuma damina ce, yanzu ta fito yanzu hadari ya rufe ta. Na duba gidan nan kaf, abu ɗaya ne na ga yana da ɗumi dare da rana ba ya ɗaukewa. Ni.

Na buɗe durowar Baba na kwashe safarsa, na saka kowane ƙwai a cikin safa ɗaya, na jera su a tsohon majanyin Mama, na ɗaure a cikina, na zumbula hijabi har ƙasa.

Jama'a, ku riƙa girmama kaza. Ni dai tun daga satin nan ban ƙara yi wa kaza kallon banza ba. Barci a zaune nake yi na jingina da bango, don in na kwanta na juya shi ke nan. Tsugunawa sai da dabara, dariya ba hali, atishawa kuwa sai na riƙe ciki da hannu biyu na yi salati. In zan yi salla ko wanka sai in kwance su in naɗe a bargo tare da gorar ruwan ɗumi, in yi sauri in dawo (Allah Ya yafe mini sallolin satin nan, ko ɗan tsere albarka). Ƙuraje suka feso mini a ciki saboda gumi. Ga shara, ga girki, ga kai abinci asibiti, duk ina tafiya kamar hawainiya. Baba ya tambaye ni sau biyu ko lafiya, na ce ciwon baya ne. Sau uku kuma ya tambayi inda safarsa ta shiga, na ce ƙila ɓeraye ne.

Ranar Lahadi na kai abinci asibiti. Inna ta rame, idanunta sun faɗa. Mama ta ja ni gefe ta ce ba ta cin abinci sosai, kuma likitoci sun ce ta fara gwada takawa ta ƙi, wai ta taka ta je ina, me ta ajiye a gidan. Ina zuwa bakin gadon, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Ina ƙwaina?"

"Suna nan lafiya, Inna."

"Ana kwance a kansu?"

"Dare da rana," na ce, ina dafe da ciki.

Ta lumshe ido ta ce, "Alhamdu lillahi. In na ji kukansu a gidan nan, na san ban zo birni na mutu a banza ba." Daga nan ta karɓi kofin kunu ta sha rabi. Da na fito na tsaya a barandar asibiti na ji kamar in yi kuka, sai na tuna kuka ma girgiza ciki yake yi, na fasa.

Litinin da Talata na je makaranta da kayana. Makarantarmu ta 'yan mata ce a Tarauni, kuma a ƙafa na riƙa zuwa, don ramukan hanyarmu in na hau adaidaita wainar ƙwai zan sauke. Na makara, aka ba ni shara, na yi ta a tsaye kamar mai aikin gayya. Rabi, wadda muke benci ɗaya, ta yi ta zungurina.

"Wai ke me ya same ki? Ko tsokana kin daina. Jiya har Malam ya yi tuntuɓe ba ki yi dariya ba."

"Na shiryu ne."

"Ke? To Allah Ya sa ba ciwo ba ne."

Sai Laraba. Muna tsakiyar gwajin lissafi, aji ya yi tsit, ni kuma barci yana fizgata, lambobin suna rawa a kan takarda. Sai ga Malama Asabe ta shigo. Ita ce mai ladabtarwa, kuma a makarantarmu an hana zuwa da waya. Matar nan tana jin ƙamshin waya kamar yadda kyanwa take jin na kifi. Ta rufe ƙofa ta ce kowa ya ɗora jakarsa a kan benci.

Ban damu ba, tunda ba ni da waya. Har ina tausaya wa masu ita.

Sai na ji wani abu ya motsa a cikina. Kafin in gama tantancewa, daga ƙarƙashin hijabina aka ce, "Tsiyu."

Na yi tari.

"Tsiyu. Tsiyu-tsiyu."

Malama Asabe ta tsaya cak, ta ɗaga yatsa. "Wayar wace ce take ƙara?"

Na matse ciki da gwiwar hannu ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Wani daga ɓangaren hagun cikina ya amsa wa ɗan'uwansa. Rabi ta matsa can ƙarshen benci tana kallona kamar ta ga aljana.

"Ke ta layin baya. Taso."

Na taso a hankali.

"Ɗaga ƙafa mana! Sarauniyar ina ce ke? Ba ni wayar."

"Wallahi Malama ba ni da waya."

"Tsiyu," in ji cikina.

"Au, har da rantsuwa? Ɗaga hijabin."

Na ɗaga. Aji ya ɗauki salati. Ga majanyi ɗaure tam, ga ƙulle-ƙulle a jere kamar layun ɗan dambe. Malama ta gyaɗa kai irin na wanda ya kama babban ɓarawo.

"Lallai. Ashe ke ce bankin ajin. Wayoyin kowa ke ake ba ajiya. Kwance!"

"Malama, don Allah a hankali, ba a..."

"Ni za ki koya wa aiki?"

Na kwance majanyin na shimfiɗa a kan teburin malami. Safar Baba tara suka bayyana, baƙaƙe da ruwan toka, har da mai huda a dunduniya. Malama ta kai hannu ta cafki ɗaya ta matsa don ta ji irin wayar.

A cikin taran nan ashe akwai baragurbi, wanda ya lalace tun tuni yana ta tara abin da yake tarawa, ni kuma ina ta yi masa hidima da ɗumin jikina. Shi hannunta ya faɗa wa.

Fus!

Ban san yadda zan kwatanta muku warin nan ba. Ku haɗa kwatar layinku da mushen ɓera da ranar da aka kwashe masai, sannan ku rufe tagogi. 'Yan layin gaba suka watse, wata ta haye benci, wata ta fita ta taga (har yau tana musu, amma na gan ta). Malamin lissafi ya toshe hanci da takardun gwajinmu ya ce yana zuwa, bai dawo ba. Malama Asabe ta tsaya da hannu a sama, wani abu kore-kore yana bin hannunta yana ɗiga a kan mayafinta.

A cikin wannan hali ne wata safa ta motsa, ɗan ƙaramin baki ya leƙo ta hudar dunduniya ya ce, "Tsiyu."

Malama ta dube shi, ta dube ni. Muryarta ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Ƙwan mene ne wannan?"

"Na zabi ne, Malama. Na kakata."

"Ina kazar da aka ba?"

"Ta tashi."

"Kin haɗa mata da nata ko?"

Wato duk Kano kowa ya san wannan magana sai ni. Na sunkuyar da kai. Sai Rabi, ƙawata, aminiyata, wadda nake ba rabin awarata kullum, ta leƙo ta ƙofa da hijabi a hanci ta ce, "Malama, ai ba a rasa kaza ba, ga ta nan tsaye a gabanki."

Dariyar da aka yi har 'yan wasu azuzuwan sai da suka fito. Aka tasa ni gaba zuwa ofishin malamai, ina rungume da majanyi, 'yan mata sun yi layi a baranda suna yi mini kukan kaza. A ofis na maimaita labarin sau uku, don duk malamin da ya shigo sai ya ce a faro masa daga farko. Wata malama ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. A ƙarshe Malama Asabe, bayan ta wanke hannu da sabulu har ya kusa ƙarewa, ta samo kwali da gorar ruwan ɗumi ta jera sauran ƙwan da kanta, a hankali kamar ba ita ba. Ta miƙo mini tare da mayafinta a leda.

"Ki kai su gida, kada iska ta buge su. Wannan kuma ki wanko shi. In na ji ko alamar wari, ni da ke ne."

Huɗu ne suka fito. Sauran ba su yi rai ba. Na kai wa jar kaza su ko za ta haɗa da nata, ta kai wa na farko sara a ka, na kwashe abina.

Na yi ta shirya yadda zan faɗa wa Inna, ashe wahalar banza nake yi. Uwar wata 'yar ajinmu ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin da Inna take kwance. Ina shiga da kwanon abinci na ga duk matan ɗakin sun juyo suna murmushi. Inna ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Sannu da kwanci."

"Inna, don Allah..."

"An ce har makaranta kika je da su. To ya jego?"

Ta fashe da dariya, tana yi tana riƙe gwiwa tana "wayyo", har aka zo aka ce ta sassauta saboda ɗinki. Tunda ta zo Kano ban taɓa ganin haƙoranta a waje haka ba. Da ta lafa ta share hawaye ta ce, "Nawa suka fito?"

"Huɗu."

Ta ɗaga ido ta kalli silin. Na jira faɗa.

"Da kin ji magana da sun fi haka," in ji ta. "Amma huɗu iri ne. Miƙo mini sandar nan, in gwada takawar da suke ta damuna da ita. In na bar miki su ke kaɗai, sai ki kai su jami'a."

Na ɗauka wahalata ta ƙare. Ashe ƙyanƙyasa ce mai sauƙin. Inna ta dawo gida ta kafa kujera a tsakar gida ta zama kwamanda, ta ce tunda ni na kwanta, ni ce uwa. Ni ce neman gara a kango da sassafe, don wai ita ce abincin 'yan zabi. Ni ce hana su taka raɓa, ni ce kwashe su in hadari ya taso, ni ce raba su faɗa da 'yan tsakin jar kaza. Gwajin lissafi kuwa sifili na ci, Baba ya sa na sayo masa safa da kuɗin tarana, a makaranta kuma har 'yan aji ɗaya in na wuce sai in ji ana "kur-kur-kur" ƙasa-ƙasa.

Yanzu zabin sun girma. In na watsa musu tsaba ko kallona ba sa yi, in na matso su tashi sama kamar sun ga dodo. Ni da na yi sati ina barci a zaune saboda su.

Abin da na koya dai shi ne, in tsohuwa ta ce "kada", ba na ƙara neman dalili, don dalilin yana nan tafe, kuma da wari yake zuwa. Sannan duk wanda ya ga wani yana aikinsa shiru ya ce bari ya ƙara masa kaya tunda kyauta ne, to ya fara gyara wurin kwanciya.